Cocin Ƙasa na Wusasa

A 1929 'yan mishan na CMS suka bar birnin Zariya suka koma Wusasa, inda magina Hausawa suka tayar da cocin St. Bartholomew da tubali da azara, da bakan gizo irin na soron sarakuna. Cocin ya cancanci kulawar hukuma kamar hasumiyar Gobarau ta Katsina. Wasu za su ce ɗakin ibadar tsiraru ne, kuma ginin ƙasa kullum sai yaɓe. To, ai hannun da ya ɗora shi na Zazzau ne, yaɓen kuwa shi ke raya sana'ar magina. A ƙauyukan Wels ma, ƙananan coci-coci da yawa da jama'arsu suka watse, doka ta hana rushe su ba izini.