Yadda Manoman Funtuwa Da Malumfashi Suka Riƙe Masu Yi Musu Aiki

Yau zan ɗan ajiye labarin soyayya in taɓo tarihi. A littattafanmu na hikaya mun saba kawo Alhaji mai dukiya da yaronsa, yaron ba ya da aiki sai buɗe ƙofar mota da kai wasiƙa gidan budurwa. Ba mu cika tambayar me ya zaunar da yaron nan shekara ashirin a gida ɗaya ba. To a ƙasar noma irin ta Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ƙafur da Malumfashi, wannan tambaya ita ce rayuwa, domin gona komai girmanta in babu hannuwa ciyawa ce ke cinye ta.

Kafin zuwan Turawa hanya biyu ce. Talaka yana noma da 'ya'yansa da ƙannensa a gandu, masu sarauta da attajirai kuma suna da rinji na bayi. Bauta zalunci ce, ba ni da niyyar yi mata ado. Amma ko a can iyayengiji sun san bulala kaɗai ba ta riƙe mutum, don daji a buɗe yake, mai gudu zai gudu. Shi ya sa ake barin bawa ya tashi daga gandu wajen azahar ya tafi 'yar gayaunarsa, wani kuma a yarje masa murgu, ya yi sana'ar kansa yana biyan ubangidansa wani abu. Da Gwamna Lugga ya yi doka cewa duk ɗan da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, daga baya kuma aka soke bautar baki ɗaya a 1936, sai masu manyan gonaki suka wayi gari dole su koyi lallashi.

Gandun gida shi ya fi ba ni sha'awa, don yarjejeniya ce sosai ko da ba a rubuta ta ba. Ɗa zai ba mahaifinsa ƙarfinsa tun sassafe har rana ta take. Shi kuma uban wajibi ne ya ciyar da shi da iyalinsa daga rumbu, ya biya masa haraji, ya ba shi fartanya da iri, ya yanka masa gayauna, sannan uwa uba ya yi masa auren fari. Ranar da uba ya kasa ɗaya daga cikin waɗannan, musamman auren, gari ba zai ga laifin yaro ba in ya fita gandu. Ku lura, duk da ɗansa ne na cikinsa, bai isa ya ce yi mini kawai don na haife ka ba.

Sai auduga ta zo ta sauya lissafi. Kamfanin BCGA da aka kafa a Ingila a 1902 don samar wa masaƙun Lankasha auduga ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, aka yi gonar iri a Daudawa, layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Har yau akwai unguwa a Funtuwa da ake kira da sunan kamfanin. Auduga amfani ce mai cin hannu, ga noma ga maimai ga ɗiba, kuma ɗibar tana zuwa ne daidai lokacin da kowa ke fama da dawarsa. Nan kasuwar ƙwadago ta buɗe. Saurayi ya gane zai iya yin jinga a gonar wani ya karɓi kuɗi a hannu kafin magariba, maimakon ya jira kaka. 'Yan cirani daga arewacin Katsina da ƙasar Nijar suka riƙa gangarowa. Maigona da ya yi suna wajen jinkirta biya, ko matarsa ke aika fura tsararo gona, zai ga ana wuce ƙofarsa da safe kamar ba a san shi ba.

Wani Bature mai bincike, Paul Clough, ya zauna a ƙauyen Marmara kusa da Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, ya kuma riƙa komowa, har ya fitar da littafi a 2014. Abin da ya tarar ya saɓa da abin da masana da yawa suka zata. An yi tsammanin manyan manoma za su ƙwace gonakin ƙanana su mayar da su lebura tsantsa. Sai ya ga masu arzikin suna tara mutane ne kamar yadda suke tara buhuna, ta hanyar barantaka da hidima. Ubangida zai ranta wa baransa hatsi a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ya tsaya masa ranar suna, ya kai matarsa asibiti, ya ba shi jarin sayen hatsi a kasuwannin ƙauye da rani. Shi kuma baran ranar da aka yi ruwan shuka gonar ubangidansa zai fara zuwa.

Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin tsantsar kirki ba. Akwai lissafi a ciki, kuma bashi igiya ce. Wanda ya ci falle da damina ya san da wuya ya ɗaga murya da kaka. Sai dai igiyar ta ɗaure ɓangare biyu. Ubangidan da ya yi watsi da baransa ranar rashin lafiya, labarin zai riga shi zuwa masallaci, kuma baɗi sai ya nemi ma'aikata da tsada.

A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Taki ya wadata, masara ta shiga gonakin da a da dawa da auduga ce kawai, aka samu ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa na birni suna sayen gonaki. Su waɗannan sababbin manoma da albashi suka saba, suna ganin in ka biya kuɗin yini ka gama. Ba sa zuwa suna, ba sa zuwa jana'iza, ranar Asabar kawai ake ganin motarsu. Da yawansu sun sha mamakin yadda taki ke ɓacewa tsakanin sito da kunya. Bayan an rushe hukumar auduga a 1986, masaƙun Kaduna kuma suka yi ta rufewa a shekarun 2000, audugar ta ja baya, samari suka kama acaɓa ko suka nufi Abuja da Legas.

Yanzu kuma ga abin da kakanninmu ba su sani ba. A yankunan Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara, 'yan bindiga sun sa zuwa gona mai nisa ya zama kasada da rai, an sha ɗauke mutane suna tsakiyar aiki. Ɗan ƙwadago na yau kafin ya saɓa fartanya yana duba kuɗin jinga, yana kuma duba wane ne maigonar, ko irin mutumin da zai tashi ya nemi kuɗin fansa ne in an tafi da shi, ko kuwa wanda zai kashe wayarsa.