Daga Lampo Zuwa Kuɗin Gida

Duk shekara, da zarar ma'aikatan majalisar gari sun fara ratsa lungunan zango suna raba takardar kuɗin gida, sai zauren mai unguwa ya cika da masu ƙorafi. Wannan ya ce an tsawwala masa, wancan ya ce sunan da ke jikin takardar na kakansa ne, wanda ya rasu tun zamanin Nkrumah. Mu da ke riƙe da alƙalami a wannan zaure mun ga ya dace mu waiwayi asalin wannan haraji a Ghana, domin mafi yawan gardamar da ake kawo mana rashin sanin abin da ake biya wa kuɗin ne ke haddasa ta.

Turawan Ingila da kan mutum suka fara, ba da gida ba. A shekarar 1852 suka kafa dokar harajin kai a yankin gaɓar teku: sule ɗaya a kan kowane rai, namiji da mace har da yaro. Jama'a suka ƙi, har ta kai a 1854 jirgin ruwan yaƙi ya yi ruwan wuta a kan Osu da Labadi da Teshie. Harajin bai yi ƙarko ba, amma irinsa ya sake dawowa daga baya, shi ne abin da iyayenmu suke kira lampo.

Da Turawa suka ga kai yana da wuyar kamawa, sai suka koma ga abin da ba ya gudu. Dokar majalisun gari ta 1894 ta ba da ikon aza haraji a kan gidaje, majalisar Ankara, wato Accra, ta fara aiki a 1898. Nan ma ba a karɓa da hannu biyu ba, matan garin sai da suka fita zanga-zanga. A wannan zamani ne zangunanmu na Ankara suke kafuwa. Malam Bako ya sami fili ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Malam Amadu Futa kuma ya sauka a Nima a shekarun 1930 bisa izinin iyalin Odoi Kwao. Nima ta daɗe a wajen iyakar majalisa. Ba mai neman ta da kuɗin gida, amma kuma ba mai tsara mata titi ko magudanar ruwa, kuma duk wanda ya taɓa ratsa ta da damina ya ga abin da wannan rangwame ya haifar.

Daga wannan tarihi aka gaji abin da ya fi ruɗa mutanenmu. Kakanninmu baƙi ne, ginin nasu ne, ƙasar ta masu gari ce. Doka ma haka ta raba su har yau. Kuɗin gida a kan gini kaɗai ake aza shi. Kuɗin hayar ƙasa kuwa daban yake, idan filin na sarauta ne ofishin kula da filayen sarauta ke karɓarsa, kuma tsarin mulkin 1992 ya faɗi yadda za a raba shi tsakanin gadon sarauta da masarauta da majalisa. Saboda haka wanda ya zo mana da rasit ɗaya yana rantsuwa ya riga ya biya, sau da yawa gaskiya ya faɗa, sai dai wani bashin ya biya ba wannan ba.

Yadda ake ƙiyasi a yau yana cikin dokar ƙananan hukumomi ta 2016. Masu ƙima daga Hukumar Filaye su ne ke auna gini, su lissafa abin da zai ci idan za a gina irinsa a yau, sannan su cire abin da tsufa ya rage masa. Gidan da mai shi ke zaune a ciki ana sassauta masa fiye da gidan haya ko shago. Ita kuma majalisa a kowace shekara tana zama ta yanke kason da za a ɗora a kan wannan ƙima. Masallaci da maƙabarta an ɗauke musu. Wanda bai yarda da ƙimar gidansa ba yana da damar kai kuka ga kwamitin da aka tanada, amma mun lura mutanenmu sun fi son yin kukan a bakin shago. Wanda ya ƙi biya kuwa, majalisa na iya kai shi kotu, kuma bashin a kan gidan yake rataye ko da ya sauya hannu.

Nan ne gidan gado ke shiga uku. Gida mai ɗaki ashirin, magada sun haura talatin, wasu suna Kumasi, wasu Legas, wasu Jidda, ba a raba gado ba, kowa na karɓar kuɗin hayar ɗakinsa, amma ranar da takarda ta iso sai ta zama marainiya. A ganinmu laifin ba na majalisa ba ne. Shari'armu ba ta ce a jinkirta rabon gado har jikoki su yi furfura ba.

A 2023 gwamnati ta miƙa karɓar kuɗin ga hukumar haraji ta ƙasa, aka ce a riƙa biya ta waya, daga baya aka mayar wa majalisu. A wannan tsakani gidaje da dama a zango ba su ga takarda ba, masu su suka ɗauka an yafe. Ba a yafe ba.

Rasit ba takardar mallaka ba ce, kada wani ya ruɗe ku. Amma a gidan da kaka ya karɓi fili da baki da goro, a gaban shaidun da duk sun riga mu gidan gaskiya, tarin rasit na shekara da shekaru yana cikin 'yan abubuwan da ke nuna tun yaushe iyalin suke wurin. Shi ya sa idan magada suka zo zaure, kafin a taɓa maganar rabo muke sa su naɗa wakili ɗaya, a rubuta kason kowa a littafi, a kuma ɗauko tsofaffin rasitai daga ƙasan adakar tsohuwa a yi musu hoto.