Yadda 'Yan Fim Suka Sauya Wa H. G. Wells Labarinsa Har Sau Biyu

Yau na ɗan ajiye labaran soyayya a gefe, zan ba ku tarihin wani tsohon littafin Turawa da abin da 'yan fim suka yi masa. Kada ku ce me ya haɗa kifi da kaska, akwai dalili. Shekarun baya wani furodusa ya sayi wani littafina domin ya mayar da shi fim. Labarin wata 'yar aiki ne da aka kawo daga ƙauye, ta ƙare ƙuruciyarta a kicin ɗin masu kuɗi. Ranar da na kalli fim ɗin sai na ga an aurar da ita ga ɗan mai gidan, an sa waƙa uku, kowa ya tashi yana dariya. Na kwana uku ban iya rubuta ko layi ɗaya ba. Sai daga baya na gane ashe ba a kaina farau ba, an yi wa waɗanda suka fi ni.

Littafin da nake nufi shi ne The Time Machine, wato injin keta zamani, wanda Herbert George Wells ya fitar a Ingila a shekarar 1895. Na fara karanta wanda aka sauƙaƙa wa Turanci, na saye shi a wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi, daga baya na lallaɓa na karanta cikakken da ƙamus a gefena. Kafin Wells an yi labaran mutanen da suka tsinci kansu a wani zamani, amma yawanci barci ne ko mafarki ko bugu a ka yake kai su. Shi kuwa sai ya kawo inji mai sirdi da sandunan ja, mutum ya hau ya tuƙa shi gaba ko baya yadda ya ga dama. Wannan dabarar ce ta zama uwa ga ɗaruruwan finafinan da muke gani yau.

To amma wane ne Wells? An haife shi a 1866 a gidan talakawa. Mahaifinsa ɗan tireda ne da kasuwa ta ƙi, mahaifiyarsa kuma ta yi aiki a wani katafaren gidan attajirai da ake kira Uppark, inda barori suke bi ta hanyoyin ƙarƙashin ƙasa suna kai abinci. Shi kansa yana ɗan shekara 14 aka kai shi yaron shago a kantin yadi, aikin da ya tsana har ya mutu. Ku riƙe wannan, domin shi ne zuciyar littafin.

A cikin labarin, matafiyin, wanda ko suna Wells bai ba shi ba, ya sauka a shekara ta 802,701. Ya tarar 'yan Adam sun rabu gida biyu. A doron ƙasa akwai Eloi, ƙanana kyawawa, ba sa aiki, ba sa karatu, daga cin 'ya'yan itace sai wasa. A ƙarƙashin ƙasa kuma akwai Morlock, farare fat, masu tsoron haske, su ke kula da injuna. Matafiyin ya yi nazari ya gano cewa Eloi jikokin masu hannu da shuni ne da hutu ya lalata, Morlock kuwa jikokin 'yan ƙwadago ne da aka tura cikin rami har suka manta da rana. Abin tashin hankalin shi ne reshe ya juye da mujiya: Morlock kiwon Eloi suke yi kamar tumaki, dare ya yi su fito su kama su cinye. Yarinyar da ya saba da ita, Weena, ta salwanta a gobarar daji. Daga nan ya ƙara gaba har shekara miliyan 30, ya tarar rana ta yi ja ta kumbura, duniya ta yi tsit, babu mutum ko ɗaya. Ya dawo da furanni biyu a aljihu, ya ba da labari, ya sake tafiya, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Wato Wells gargaɗi yake yi wa Ingilar zamaninsa, cewa in aka bar tazarar mai kuɗi da talaka ta ci gaba da faɗi, ga inda za a ƙare.

Wells ya rasu a 1946 bai ga wannan littafi a majigi ba. A 1949 gidan talabijin na BBC ya yi wasan kai tsaye, amma ba a naɗe shi ba, sai 'yan hotuna suka rage. Babban fim na farko shi ne na 1960, wanda George Pal, haifaffen ƙasar Hangari, ya shirya wa kamfanin MGM a Amurka, Rod Taylor ya fito a matsayin matafiyin, Yvette Mimieux kuma Weena.

Gaskiya ɗaya ce, fim ɗin ya yi abin da alƙalami ba zai iya ba. Kana kallo za ka ga kyandir ya narke cikin ƙiftawar ido, furanni suna buɗewa suna rufewa, dodon koɗi yana sheƙa gudu, rana da wata suna wucewa kamar ana jifa da su. Akwai wani mutum-mutumi na tallar kayan mata a tagar shagon da ke tsallaken titi, da sauyawar rigunan jikinsa ake gane shekaru suna tafiya. Wannan aikin ne ya ciyo wa fim ɗin lambar yabo ta Oscar a fannin dabarun hoto.

Sai dai an taɓa zuciyar labarin. A fim ɗin matafiyin ya tashi a daren ƙarshe na 1899, ya tsaya a 1917 ya tarar ana yaƙi, ya tsaya a 1940 ana ruwan bama-bamai a Landan, ya tsaya a 1966 ya ga makamin nukiliya ya rushe birnin. Saboda haka rabuwar Eloi da Morlock ta zama sakamakon yaƙi: wasu sun ɓuya a rami sun zauna can, wasu sun fito. Har ma da jiniya ake kiran Eloi zuwa mahallaka, da sun ji ta sai su jeru su shiga rami kamar yadda kakanninsu suke gudun bom. Maganar mai kuɗi da talaka ta bi ruwa. Dalili a fili yake, ana tsakiyar yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, shekara 15 kacal da jefa bom a Hiroshima. Tsoron da ke zukatan masu kallo kenan. Sannan a Amurkar wancan lokaci, wanda duk ya cika maganar 'yan ƙwadago da masu jari sai a shafa masa kashin kaji a ce ɗan kwaminis ne. Ƙarshen ma an sauya: Weena ta rayu, Eloi sun yi bore, matafiyin ya ɗauki littattafai uku ya koma domin ya gina musu sabuwar duniya.

Bayan shekara 42 aka sake wani, a 2002. Abin mamaki, darektan shi ne Simon Wells, tattaɓa-kunnen marubucin. Ka ce jini zai kare amanar littafin, amma ina! An ɗauke labarin daga Landan an kai shi New York, an raɗa wa matafiyin suna Alexander Hartdegen, Guy Pearce ya hau matsayin. An kuma ƙirƙiro masa budurwa mai suna Emma, wadda ɗan fashi ya kashe a daren da ya nemi aurenta. Baƙin cikinta ne ya sa ya ƙera injin. Ya koma baya ya kauce wa ɗan fashin, sai keken doki ya take ta. Wannan karon abin da ya raba 'yan Adam shi ne tarwatsewar wata a 2037, sanadiyyar fashe-fashen da masu son gina gidaje a can suka yi. Wato tsoron bom ya ja baya, tsoron ɓarnar da fasaha da haɗama ke yi ya maye gurbinsa. Aka kuma ba Morlock shugaba mai magana, Jeremy Irons, domin a sami mugu guda da jarumi zai kayar. A nan ma babu ɗan ƙwadago babu mai gida.

Ba Wells kaɗai aka yi wa haka ba. Mark Twain ya rubuta A Connecticut Yankee in King Arthur's Court a 1889, labarin wani injiniya Ba'amurke da aka buga a ka ya farka a zamanin Sarki Arthur. Littafin ya ƙare ne da kisan mahaya dubu 25 ta hanyar wayar lantarki da bindigogi masu aman wuta, domin a nuna ci gaba ma yana iya zama annoba. Da aka yi fim ɗinsa a 1949 da mawaƙi Bing Crosby, sai ya koma waƙe-waƙe da barkwanci da soyayya. Da na ga wannan sai da na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe waƙa uku da aka sa mini sauƙi aka yi mini.

Abin da na fahimta a wannan tarihi shi ne, injin nan ɗaya ne tun 1895, amma duk wanda ya hau shi tsoron zamaninsa yake ɗorawa a kai. Ban ga laifin mai fim don ya nemi mayar da kuɗinsa ba, kuma na san abin da ido ke so daban ne da abin da mai karatu ke jurewa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a duk sauyin da aka yi, abu guda ake fara cirewa, wato talakan da ke cikin rami da dalilin da ya kai shi can. Yaƙi da tarwatsewar wata masifu ne da mai kallo zai ce ba ruwansa. Amma labarin wanda yake dafa maka abinci yana kwana a bayan gida, wannan da kai ake, shi ya sa yake da wuyar sayarwa.

Don haka shawarata ga 'yan'uwana marubuta, in mai fim ya zo, kafin a yi maganar kuɗi ku zauna ku ware abu ɗaya da in an cire shi labarin ya mutu, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu. Ni ban yi haka ba, na kuwa ji a jikina. Ku kuma masu karatu, in kun kalli fim ya burge ku, ku daure ku nemi littafin, na Wells bai fi a karance shi a kwana biyu ba. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, ku huta lafiya.