Kalanda da Kotu: Ikilisiyar Rum da Masana Taurari



A shekarar 1582 mutanen Sifen da Fotugal da Polan da yawancin ƙasashen Italiya suka kwanta barci ran Alhamis 4 ga Oktoba, suka wayi gari ran Jumma'a 15 ga Oktoba. Kwana 10 cur aka tsallake bisa umurnin Fafaroma Girigori na 13. Kalandar da wannan gyara ya haifar ita ce ke rataye a ofisoshinmu, da ita ake biyan albashi, da ita kuma ake ƙidaya wa ma'aikaci shekarun barin aiki. Bayan shekara 51, ran 22 ga Yuni 1633, a cikin birnin Rum ɗin nan, aka durƙusar da wani dattijo mai shekara 69, Galiliyo, gaban alƙalan Ikilisiya, aka sa shi ya janye maganarsa cewa duniya ce ke kewaya rana. Hukuma ɗaya ce ta yi wancan gyara, ita ce kuma ta yanke wannan hukunci. Abin da nake so mu bincika yau shi ne yadda haka ta faru.

Ɗalibai da yawa sun tashi da labarin cewa addinin Kirista da kimiyya abokan gāba ne tun fil'azal. Wannan labari bai tsufa kamar yadda ake zato ba. Littattafai biyu na Amurkawa ne suka baza shi, na John Draper a 1874 da na Andrew White a 1896, kuma masana tarihin kimiyya na yanzu sun daɗe da daina dogara da su. Sai dai rushe wannan labari ba ya wanke Ikilisiya daga abin da ta yi wa Galiliyo, kamar yadda za mu gani.

Bari mu fara da abin da ya kai limamai ga duban taurari. Babban idin Kirista shi ne Ista, watau idin tashin Almasihu, kuma ba shi da tsayayyar rana. Taron manyan limamai da aka yi a Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a shekarar 325, ya nemi Kirista duka su riƙa yin idin rana ɗaya. Ƙa'idar da ta zauna daga baya, wadda malaman Iskandariya suka tsara, ita ce a yi shi ran Lahadin farko bayan cikar wata, muddin cikar ta faɗo a ran 21 ga Maris ko bayanta, domin 21 ga Maris aka ɗauka ita ce ranar da tsawon dare da na yini ke daidaita. Mu nan ba baƙin irin wannan matsala ba ne, mun san yadda neman alƙibla da lokutan salla da tsayuwar wata suka mai da malaman Musulmi masana falaki. Bambancin shi ne, Kirista ba su jiran ganin wata. Akwai azumin kwana 40 da ke gabatar idin, saboda haka dole a san ranar tun da wuri, ta hanyar hisabi, a rubuce cikin jadawali.

To, hisabin yana da ɓaraka. Kalandar da suka gāda daga Yuliyas Kaisar ta ɗauki shekara kwana 365 da awa 6, alhali kuwa ainihin tsawonta kwana 365 ne da awa 5 da minti 48 da kamar sakan 45. Ratar minti 11 da 'yan kai ce a shekara, abin da mutum zai raina, amma cikin shekara 128 takan taru ta zama kwana guda. Kafin ƙarni na 16 daidaituwar dare da yini ta zame ta koma wajen 11 ga Maris, jadawalin wata kuma ya kauce da kamar kwana 4, har ya zama kowane manomi mai ɗaga kai sama yana iya ganin wata ya cika tun kafin ranar da littafin limami ya faɗa. Tun a 1267 wani malami Bature na ɗariƙar Faransis, Roger Bacon, ya rubuta wa Fafaroma Kilemen na 4 yana kukan wannan abin kunya.

Gyara ba ya yiwuwa sai an san tsawon shekara daidai, a nan kuwa Turawa sun sha daga rijiyar da Musulmi suka haƙa. Muhammadu ibn Jabir al-Battani, wanda ya yi aikinsa a Raƙƙa ta ƙasar Sham, ya rasu a 929, ya auna shekara ya sami kwana 365 da awa 5 da minti 46 da sakan 24, watau kuskurensa bai kai minti 3 ba. An juya littafinsa zuwa Latin a ƙarni na 12. Kofanikas, mutumin Polan wanda ya fito da ra'ayin cewa rana ce a tsakiya, ya ambaci al-Battani a littafinsa na 1543. Shi kansa Kofanikas ma'aikacin babbar majami'ar Frombork ne, da kuɗin Ikilisiya ya ci ya sha har ya mutu, littafin kuwa Fafaroma Bulus na 3 ya sadaukar wa. A cikin sadaukarwar ya tuna cewa a zamanin Fafaroma Liyo na 10 an tasam ma gyaran kalanda aka fasa, don ba a auna tafiyar rana da wata yadda ya kamata ba, kuma tun daga nan ya duƙufa kan wannan awo.

Kwamitin da Girigori na 13 ya kafa ya ɗauki shawarar wani likita ɗan kudancin Italiya, Aloysius Lilius, wanda ya rasu a 1576 bai ga amfanin aikinsa ba. Cikin 'yan kwamitin akwai Christopher Clavius, Bajamushe, limamin ƙungiyar Jesuit, malamin lissafi a kwalejinsu ta Rum, akwai kuma Ignatius Ni'imatullah, tsohon shugaban Kiristan Suryani na Antakiya. Dabarar mai sauƙi ce. A ci gaba da ƙara wa Fabrairu kwana ɗaya kowace shekara 4, amma shekarun cikar ƙarni ba su samun ƙarin sai wadda 400 ke iya raba ta. Shi ya sa 1900 ba ta samu ba, 2000 ta samu, 2100 ba za ta samu ba. Kuskuren da ya rage bai kai rabin minti a shekara ba, sai an haura shekara 3,000 kafin ya cika kwana.

Ku lura da abin da ya biyo baya, don yana da amfani ga sauran bayanina. Ƙasashen Furotestan suka ƙi gyaran, ko da yake manyan masanansu biyu, Tycho Brahe da Kepler, sun ga dacewarsa. Aibinsa a wurinsu shi ne hannun da ya miƙo shi. Furotestan na Jamus ba su karɓa ba sai a 1700. Ingila, wadda ta kawo mana kalandar a zamanin mulkin mallaka, ita kanta sai da ta yi shekara 170 tana ja, ta sallama a 1752. Rasha sai 1918. Ashe a wannan zamani ba a auna lissafi da gaskiyarsa kaɗai, ana duban wa ke da ikon faɗarsa.

Yanzu mu koma kan Galiliyo. A 1609 ya ƙera madubin hangen nesa, a 1610 ya ba da labarin abin da ya gani: duwatsu da kwazazzabai a jikin wata, da 'yan watanni 4 suna kewaya tauraron Mushtari. Ƙarshen shekarar ya ga Zara, wadda Hausawa ke kira matar wata, tana cika tana raguwa kamar watan kansa, abin da tsohon tsarin Batlamiyus ba ya iya bayyanawa. Wa ya fara gaskata shi a Rum? Clavius ɗin nan na kwamitin kalanda, shi da almajiransa. Suka duba da nasu madubin, suka tabbatar, a 1611 suka shirya wa Galiliyo biki a kwalejinsu. Clavius, yana tsoho tukuf, ya rubuta cewa lalle masana su sake duban yadda aka jera sammai.

Rigima ta taso ne daga nassi. A sura ta 10 ta littafin Joshuwa an ba da labarin yadda rana ta tsaya har aka gama yaƙi. Masu sūka suka ce abin da aka tsayar ai tafiya yake yi. Galiliyo ya amsa cikin wasiƙu biyu, a 1613 da 1615, cewa Littafi Mai Tsarki yana magana da mutane bisa abin da idonsu ke gani, kuma bai sauko don koyar da falaki ba. Hujjar ba tasa ba ce. Ya ɗauko ta daga Ogastin, babban malamin Kirista ɗan Afirka ta Arewa, limamin Hippo, watau Annaba ta Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya kuma gargaɗi Kirista da kada su jawo wa littafinsu dariya ta wurin jingina masa maganar banza kan sama da ƙasa gaban waɗanda suka fi su sani.

Hujjar tana da kyau, amma ta zo a mugun lokaci, daga bakin wanda ba a ba izini ba. Tawayen Martin Luta ya raba Turai biyu, kuma tushen gardamar shi ne wa ke da ikon fassara nassi. Taron Trent ya zartar a 1546 cewa a sha'anin imani da ɗabi'a ba mai fassara shi saɓanin Ikilisiya da ijma'in magabata. Ga shi kuwa malamin lissafi, wanda ba limami ba, yana koya wa malaman tauhidi yadda za su karanta Joshuwa. Kadinal Bellarmine ya rubuta a 1615 cewa in da za a kawo tabbatacciyar hujja cewa duniya na tafiya, to, sai a sake nazarin ayoyin cikin hattara, amma shi ba a nuna masa ita ba. Kuma lalle Galiliyo ba ya da ita. Abin da ya gani a jikin Zara ya dace da tsarin Tycho Brahe, inda duniya ke tsaye, rana na kewaya ta, sauran taurari masu tafiya suna kewaya rana. Hujjar da ya fi ji da ita, cewa motsin duniya ne ke kawo cikar teku da janyewarsa, kuskure ce.

Wasu marubuta sukan tsaya a nan su ce ashe Ikilisiya ce ke da gaskiya. Ban yarda ba. Rashin hujja dalili ne na a dakata, a ce ba a sani ba tukuna. Abin da aka yi dabam ne. A Fabrairu 1616 aka miƙa tambayar ga malaman tauhidi 11, cikin 'yan kwanaki suka amsa cewa faɗin rana na tsaye bidi'a ce, ran 5 ga Maris kuma aka dakatar da littafin Kofanikas har sai an gyara shi, bayan ya yi shekara 73 ana karanta shi. Kwamitin kalanda ya yi shekaru yana aiki, an aika da shawararsa ga sarakuna da jami'o'i don su yi sharhi. Wannan tambaya kuwa, da ta fi waccan girma, ba ta sami ko mako biyu ba. Waɗanda suka taɓa zama a kwamitin gwamnati a cikinku sun san bambancin kwamitin da aka kafa don a gano amsa da wanda aka kira don ya sa hannu.

Saura kuma siyasa ce da ɓacin rai. A 1623 wani masoyin Galiliyo, Maffeo Barberini, ya zama Fafaroma Urban na 8, ya bar shi ya rubuta kan tsarin biyu muddin bai yanke hukunci ba. Littafin ya fito a 1632, da izinin masu tace littattafai, cikin Italiyanci wanda kowa ke ji, a sigar muhawara. Kowa ya karanta ya san inda marubucin ya karkata, kuma hujjar da Fafaroma ya fi so, cewa Allah mai iko ne ya aikata abu ta hanyar da hankali bai kai gare ta ba, sai ga ta a bakin Simplicio, wanda aka yi ta kayarwa tun daga farkon littafin. A wannan shekara Yaƙin Shekara Talatin na ci, 'yan ɓangaren Sifen suna zargin Urban a fili da sakaci wajen kare Katolika. Ba shi da sararin yin sassauci. Aka zaro wata takarda ta 1616, marar sa hannu, mai cewa an hana Galiliyo koyar da ra'ayin ta kowace fuska, a kanta aka gina shari'ar. An yi masa barazanar azaba, ba a azabtar da shi ba. Kadinal 7 cikin 10 suka sa hannu a hukuncin. Ya ƙare kwanakinsa a tsare cikin gidansa a Arcetri kusa da Fulorans, ya makance, ya rasu a 1642. Littafinsa na ƙarshe, kan motsi da ƙarfin abubuwa, sai a Leiden ta ƙasar Holan aka buga shi a 1638.

Tsoro ya yi aikinsa. Da Descartes, masanin Faransa, ya ji hukuncin, sai ya fasa buga littafinsa kan tsarin duniya. Masanan Jesuit suka maƙale wa tsarin Tycho. Amma Ista ba ta daina zuwa kowace shekara ba, bukatar auna rana kuma tana nan. A 1655, shekara 22 kacal bayan hukuncin, masu kula da majami'ar San Petronio a Bolonya, birnin da ke ƙarƙashin mulkin Fafaroma, suka bar Giovanni Cassini ya huda rufinta a tsayin kamar mita 27, ya shimfiɗa layi a daɓe mai tsawon kusan mita 67. Kullum da tsakar rana hasken yakan faɗo ya ratsa layin, a karanta ranar shekara. Cassini ya yi ta auna faɗin wannan haske, yadda yake ƙaruwa da raguwa gwargwadon kusantar rana da nisanta, sakamakon ya goyi bayan lissafin Kepler, Bafurotestan mabiyin Kofanikas, ya saɓa wa na Batlamiyus. Layin yana nan har yau, masu ibada suna taka shi.

Hujjar da Bellarmine ya nema ta zo a hankali. James Bradley na Ingila ya bayyana a 1729 wata 'yar karkata a hasken taurari wadda tafiyar duniya ce ke jawo ta. A 1758 aka cire haramcin gaba ɗaya kan littattafan da ke koyar da motsin duniya, a 1822 aka yarda a buga su a Rum, a 1835 sunan Kofanikas da na Galiliyo suka fita daga jerin littattafan da aka hana. Ran 31 ga Oktoba 1992, bayan binciken wani kwamiti da ya kafa, Fafaroma Yahaya Bulus na 2, ɗan ƙasar su Kofanikas, ya faɗa gaban masana cewa malaman tauhidi na wancan zamani sun kasa rarrabe nassi da fassarar da suka saba yi masa, kuma a wannan fage Galiliyo ya fi su hangen nesa. Shekara 359 ke nan bayan durƙusonsa.