Zangon Gumel da Baƙinsa na Dare

Kafin mota da jirgin ƙasa, Gumel mashigar Borno ce ga mai fitowa daga Kano. A watan Maris na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda kakanninmu suka sani da Abdulkarim, ya sauka a garin. Ya tarar da shi cike da fatake, ya kuma rubuta cewa nan ce babbar cibiyar cinikin kanwa tsakanin Kukawa da Muniyo da ƙasar Nupe. Da ya sake biyowa a ƙarshen 1854, rikicin sarauta ya ci garin, har da ƙyar ya gane shi.

Wannan ciniki zango ne ya riƙe shi. Madugu ya iso da ayari, a sauke wa jakuna da takarkarai kaya. Fatoma shi ne mai masauki: ya ba da rumfa, ya adana kaya, ya nemo mai saye, ya karɓi la'adarsa. Wanda ciwo ya kayar a hanya, a gefen zangon ake binne shi, ba dangi ba iya, danginsa na can suna jiran ayarin da zai koma babu shi.

Da layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa Gagarawa wajen 1930, kaya suka koma tasha, ayari ya yi ta raguwa, zanguna suka zama kufai. Mu kuwa Hausawa ba ma barin kufai babu mai shi. Mukan ba mutanen ɓoye. Duk mun ji labarin matafiyin da dare ya yi masa, ya hangi fitilu a gindin tsamiya, ya tarar kasuwa na ci, sai da ya sunkuya biyan kuɗi ya ga mai sayarwar kofato gare shi. Malamai sun ce mamaci ba ya dawowa, mun yarda. Amma irin wannan labari shi ya tsare mana ambaton baƙin da ba a rubuta sunansu ba.

A Ingila tsofaffin masaukai na cin kasuwa da fatalwarsu. Mu namu sai yankawa ake ana fuloti. Kasuwar dabbobi ta Maigatari na ci gaba da ci kowace Alhamis, dattawan da suka san inda ayari ke sauka kuwa kullum raguwa suke. A je a tambaye su tun suna iya nunawa da hannu.