Makarantar Talaka a Ƙofar Jami'a: Waiwaye kan Samaru da Sabon Gari

Jirgin ƙasa ne ya haifi Sabon Garin Zariya. Da layin dogo ya iso a wajajen 1911, sai ya taho da akawuna da makanikai da 'yan kasuwa daga Kudu, Yarbawa da Ibo da sauransu, aka yanka musu fili kusa da tasha, nesa da ganuwar birni. Mutanen nan sun san abin da takarda ta yi musu, don haka ba su yi sanya ba wajen nema wa 'ya'yansu makaranta. Turawan mulki sun taƙaita aikin mishan a garuruwan sarakunan Musulmi, amma sun sakar masa mara a unguwannin baƙi. Shi ya sa makarantun farko na Sabon Gari suka tashi a harabar coci-coci, na Angilika da na Katolika da sauransu, iyaye na biyan kuɗi, suna kuma sa ido a kan abin da ake koya wa yaransu.

A cikin birni labarin daban ne. Can ilmi ya daɗe da zama da gindinsa a makarantun allo da zaurukan malamai, boko kuwa ta shigo ta hannun En'e, da ƙyar da jiɓin goshi. Makarantar da aka soma a 1910 ita ce ta zama Midil, ta zama sakandaren lardi, yau ake kiranta Kwalejin Alhudahuda. Dokta Miller, ɗan mishan ɗin da ya zauna cikin birni tun 1905, shi ma ya buɗe tasa, kafin a mayar da aikin mishan ɗin Wusasa a 1929. Daga makarantar Wusasa Yakubu Gowon ya fito, haka ma Ishaya Audu. Kenan tun asali boko ta shigo Zariya ta ƙofofi da yawa, kowace da mai ita, kuma yaron Sabon Gari ya riga na ƙauyukan da ke kewaye da shi nisa.

Samaru ita ce ta fi ba ni mamaki. Gona ce ta kafa ta: a 1922 aka buɗe tashar binciken noma, leburori da malaman gona suka yi ta taruwa har ƙauye ya tashi. A farkon shekarun 1950 aka kawo reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, sannan ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a wannan fili. A shekarar ce kuma babbar kwalejin horar da malamai ta Zariya ta soma aiki, wadda daga baya ta zama Kwalejin Ilmi ta Tarayya. Ga Kwalejin Barewa da aka kawo Zariya a 1949, ga kamfanin Gaskiya na buga littattafan Hausa tun 1945, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Palladan tun 1964. Duk faɗin Arewa babu garin da ya tara irin wannan. Masinja ko mai shara da ke aiki a jami'a yana iya kallon ɗansa sanye da rigar firamare ya sa rai cewa wata rana zai tsallaka titi ya shiga babbar ƙofa a matsayin ɗalibi. Kuma da yawa sun tsallaka. Akwai farfesoshi da likitoci a yau waɗanda a kan bencin makarantar hukuma suka koyi baƙi da wasali.

Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun girgiza Sabon Gari, iyalai da dama suka koma Gabas, cikinsu har da malaman makaranta. Bayan yaƙi, a farkon shekarun 1970, gwamnatin jiha ta karɓe makarantun mishan, aka sauya musu suna. Kwalejin St. Paul ta Wusasa ta koma Kufena, firamare kuwa suka shiga hannun hukumar ilmi ta yanki, abin da kowa ke kira LEA. Niyyar mai kyau ce, ina kuma ganin ta yi amfani: uban da ke gudun kai ɗansa harabar coci ya sami natsuwa, 'ya'yan Musulmi da na Kirista suka haɗu a aji ɗaya. Sai dai an ɗauke makarantar daga hannun masu jin zafinta aka ba ofis, shi kuwa ofis ba ya kwana da tunanin rufin da ke yoyo.

Sai ga UPE a watan Satumba na 1976, lokacin mulkin Janar Obasanjo: ilmin firamare kyauta ga kowa. Yara suka yi dafifi fiye da yadda aka yi hasashe. Aka gina azuzuwa cikin gaggawa, aka horar da malamai cikin gaggawa, kuɗin man fetur na biya. Sakandaren jeka-ka-dawo suka yawaita a shekarun da suka biyo baya, ɗiyar ɗan kasuwa ta sami gurbi a makarantar 'yan mata ta Dogon Bauchi, wani ya tafi kwalejin kasuwanci ta Muciya, na gefen Samaru ya nufi sakandaren Bomo. Wannan babban ci gaba ne, bai kamata a raina shi ba.

Da kuɗin mai ya ja baya, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, makarantar hukuma ce ta fara jin jiki. Albashin malaman firamare ya yi ta yawo tsakanin tarayya da jiha da ƙananan hukumomi, wata ya kama wata ba a biya ba, yajin aiki ya zama ruwan dare. Aka kuma rufe kwalejojin malamai masu ba da shaidar daraja ta biyu, inda ake ɗaukar yaro a yi shekara biyar ana koya masa yadda ake riƙe alli da yadda ake riƙe aji, aka ce sai mai takardar NCE ta kwalejin ilmi. Takardar ta ƙaru, amma horon bai bi ta ba. A nan ne, a ganina, aka yi asarar da ta fi zafi.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Jami'a tana da makarantar 'ya'yan ma'aikatanta da sakandarenta a cikin shinge. Ɗan kasuwar Sabon Gari ya kai nasa makarantar kuɗi, ko ta boko zalla ko mai haɗe da Islamiyya, har kusan kowane layi a Samaru da Hayin Dogo da Muciya akwai gidan da aka mayar makaranta. Waɗanda za su iya ɗaga murya a ji su sun kwashe 'ya'yansu, aka bar LEA da ɗan mai facin taya da ɗiyar mai ƙosai. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa: ana rubuta kundin digiri na uku a kan koyar da karatu a wannan gefen titi, a ɗaya gefen kuma yaro na aji huɗu bai iya haɗa sunansa ba.

Gwamnatoci sun yi yunƙuri. An ƙaddamar da shirin UBE, magajin UPE, a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004. A Jihar Kaduna an soma ciyar da 'yan firamare a farkon 2016, azuzuwa suka cika maƙil, wasu yaran na zuwa don abinci su fice. A 2017 gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, ta sallame su, ta ɗauki sababbi. Ƙungiyar malamai ta yi tir, aka yi zanga-zanga da yajin aiki. Ni dai abin da ya dame ni shi ne, da yawa cikin waɗanda aka kora takardar kwalejojinmu ce a hannunsu, haka ma waɗanda suka maye gurbinsu. Har yanzu kowace shekara ɗaliban Tsangayar Ilmi ta jami'ar da na kwalejin malamai suna fitowa koyon aiki a makarantun Samaru da Sabon Gari, su yi 'yan makonni, a ba su maki, su koma. An kuma ɗaga kwalejin zuwa Jami'ar Ilmi ta Tarayya, kuma daga cikin waɗanda za ta yaye ne za a ɗauki malaman da za su tsaya gaban waɗannan azuzuwa nan da shekara talatin.