Lazarus: Tarihin Maƙerar Manhajar Da Masu Aiki Da Ita Suka Raya

Yau za mu ɗan ajiye batun jigo da salo, mu leƙa tarihin wani kayan aiki na masu haɗa manhajar kwamfuta mai suna Lazarus. Wani zai ce me ya haɗa marubuci da wannan? Tambaya guda ce ta haɗa mu: idan kamfanin da ya ƙera abin da kake aiki da shi ya juya maka baya, ina aikinka zai kwana? Masu haɗa manhaja sun gamu da wannan tambaya tun shekarun 1990, kuma amsar da suka bayar za ta amfane mu.

Mu fara da sanin abin. Kowace manhaja asalinta rubutu ne, umarni bayan umarni, da mutum ya rubuta cikin wani harshe na musamman. Kwamfuta ba ta jin wannan harshe kai tsaye, sai an samu wata manhaja ta yi tafinta, ta mayar da shi lambobin da na'ura ke ganewa. A da, wurin rubutu daban, tafinta daban, abin farautar kuskure daban. Daga baya aka tara su a taga ɗaya, abin da masana ke taƙaita sunansa da IDE. Mu za mu kira shi maƙerar manhaja, domin kamar maƙera yake, inda zugazugi da uwar maƙera da masaba da awartaki ke kusa da hannun maƙeri. Lazarus irin wannan maƙera ce, an yi ta musamman don ƙera manhajojin da ke zaune a cikin kwamfutar tebur ko laftof.

Harshen da Lazarus ke aiki da shi sunansa Pascal. Wani farfesa a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, Niklaus Wirth, shi ya fitar da shi a 1970 don koyar da ɗalibai rubuta manhaja cikin tsari. Ya sa masa sunan Blaise Pascal, masanin lissafin Faransa da ya ƙera injin lissafi a 1642. A 1983 kamfanin Borland na Amurka ya fito da Turbo Pascal, aikin wani matashi ɗan Danmak mai suna Anders Hejlsberg. An sayar da shi dala 49.95 a lokacin da makamantansa ke cin ɗaruruwan daloli, ga shi ya haɗa wurin rubutu da tafinta wuri guda. Ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa suka yi masa rubdugu.

A 1995 Borland ya fitar da Delphi don zamanin Windows. A nan mai haɗa manhaja zai jawo madanni ko akwatin rubutu ya ɗora a kan allo da linzami, sannan ya rubuta abin da zai faru idan an danna. Aikin wata ya koma na mako. Sai dai Delphi kayan kamfani ne, da kuɗi ake saye, a Windows kaɗai yake aiki a lokacin, kuma asalin rubutun tafintansa yana kulle a hannun masu shi.

Tun kafin haka, da alamu suka nuna Borland zai bar masu aiki da tsohon tsarin DOS ya koma Windows, wani ɗalibi Bajamushe, Florian Klämpfl, ya fara rubuta nasa tafintan na Pascal a 1993. Da ya sa shi a intanet wasu suka shigo suka kama masa, aikin ya zama Free Pascal, wanda ya kai fitowa ta 1.0 a shekarar 2000. Tafinta ta samu, saura maƙera irin ta Delphi da kowa zai iya mallaka. A 1998 wasu suka fara wannan yunƙuri da sunan Megido, amma bai yi nisa ba ya mutu. A watan Fabrairun 1999 mutum uku, Cliff Baeseman da Shane Miller da Michael Hess, suka sake ɗaura ɗamara. Suka raɗa wa sabon aikin suna Lazarus, sunan mutumin da littafin Kiristoci ya ce Annabi Isa (AS) ya tayar daga kabari, don nuna cewa aikin da ya mutu ne ya dawo.

Abin lura a nan shi ne, dukkan mutum ukun nan daga baya sun bar aikin, amma bai sake mutuwa ba. Marc Weustink ya shigo a 1999, Mattias Gaertner ya biyo a 2000, wasu suka riƙa zuwa daga ƙasashe daban-daban, mafi yawansu a lokacin hutunsu suke yi, ba albashi. Lazarus bai kai fitowa ta 1.0 ba sai a watan Agustan 2012, shekara 13 bayan farawa. Ta 2.0 ta zo a 2019, ta 3.0 a ƙarshen 2023. Sannu ba ta hana zuwa.

A cikin waɗannan shekaru, mu dubi abin da ya samu kayan kamfanoni. Borland ya fitar da Kylix a 2001 don masu Linux, bayan fitowa ta uku a 2002 ya watsar da shi, waɗanda suka gina sana'arsu a kai suka rasa tudun dafawa. A 2008 aka sayar da sashen da ke kula da Delphi ga kamfanin Embarcadero, a 2009 kuma Micro Focus ya saye Borland ɗin kansa. Delphi yana nan har yau ana sayar da shi, kuma kaya ne mai inganci, amma masu amfani da shi ba su da ta cewa a duk wannan sauyin hannu. Haka Visual Basic 6 na Microsoft, wanda ya fito a 1998: kamfanin ya sauya hanya a 2002, ya daina kula da tsohuwar maƙerar a 2008. Da yawa daga cikinmu da muka bi ta poli mun tarar ana aikin kammala difloma da wannan Visual Basic ɗin, shekaru bayan masu shi sun sallame shi, galibi da kwafin da ba a san asalinsa ba.

Me ya hana Lazarus bin sahunsu? Lasisinsa. Yana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya rubuta a 1989. Ƙa'idarsa ita ce kowa na da damar ya yi amfani da manhajar, ya karanta asalin rubutunta, ya gyara, ya raba wa wasu, da sharaɗin duk wanda ya raba gyararriyar zai bar tata ƙofar a buɗe kamar yadda ya samu. Wannan shi ake kira buɗaɗɗen tushe. Saboda haka tafiyar waɗanda suka kafa aikin ba ta tafi da shi ba, tunda tushen yana hannun dubban mutane. Kayan ginin da ke cikin Lazarus kuma an sassauta musu lasisi, ta yadda wanda ya ƙera manhaja da su zai iya sayar da abinsa ba tare da ya biya kowa ko sisi ba.

Manomin Bakori ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. Daga Tsiga zuwa Kabomo, daga Guga zuwa Kurami, kowa ya san bambancin irin gida da irin kamfani. Irin masara na kamfani da ake kira haibirid yana ba da amfani mai yawa idan ya samu taki, babu mai musun haka. Amma idan ka ɗebi na bana ka shuka baɗi, amfanin zai ragu, dole ka koma shago kowace damina, a farashin da aka yanka maka. Irin gida kuwa kai ke zaɓen zangarniyar da ta fi cika ka rataye, ka ba maƙwabci idan nasa ya lalace, shi ma ya ba ka wata shekarar. Manhajar kamfani da mai buɗaɗɗen tushe kusan haka suke. Mai hankali yana iya amfani da duka biyun, amma ba ya yarda irin gidansa ya ƙare.

Akwai kuma dalilin da ya sa manhajar da ke zaune cikin kwamfuta take da muhimmanci a wannan yanki. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. Aka yi watanni ba kira ba intanet. Masu POS suka nannaɗe tabarma, mai son tura saƙo sai ya hau mota ya bar yankin. Marubucin da labarinsa ke ajiye a WhatsApp ko Wattpad kaɗai ya ga yadda ake raba mutum da abin hannunsa. Duk abin da ke cikin kwamfuta kuwa ya ci gaba da aiki, muddin akwai wuta ko sola. Lazarus sau ɗaya ake sauke shi, a zuba a filash a raba wa juna, ba rajista ba kuɗin wata, kuma yana tafiya a tsofaffin kwamfutoci 'yan Kwatano da muke iya saye. Matashi a Funtuwa zai iya ƙera wa dillalin hatsi littafin lissafin buhuna da shi, ko mai kemis, ko makarantar da ke son haɗa sakamakon jarrabawa. Rubutu guda kuma za a iya fassara shi ya yi aiki a Windows da Linux da macOS. Ba abin wasa ba ne: manhajoji sanannu irin su PeaZip da Double Commander da shi aka gina su.

Mu ma adabinmu ya taɓa shiga irin wannan hali. Hukumar NORLA a Zariya ita ce ke buga littattafan Hausa a shekarun 1950. Da aka rufe ta a 1959 harkar ta yi sanyi, sai da aka kafa kamfanin NNPC a 1966. A shekarun 1980 da manyan kamfanoni suka ja baya da buga ƙagaggun labarai, marubuta a Kano suka ɗauki abin da kansu, suka kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Abin da Klämpfl ya yi da tafinta, shi su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suka yi da littafi. A zamaninmu kuma, dandalin OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama ke sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023.

Haruffanmu masu lanƙwasa ma suna da nasu darasin. Da kwamfuta ta shigo babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinta, sai Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da zubin haruffa masu ɗauke da su a shekarun 1990, aikin da ya ceci masu buga littattafai na tsawon lokaci. Dabarar wancan zamani ita ce a ɗora harafin Hausa a gurbin wata alama ta allon rubutu. Shi ya sa idan aka buɗe tsohon fayil a kwamfutar da ba ta da wannan zubi, sai a ga }asa a maimakon ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya. Maganin ya zo ta buɗaɗɗen ma'auni na Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa da duk na'urorin duniya suka yarda da ita. Lazarus da wannan ma'auni yake aiki, don haka manhajar da aka ƙera da shi za ta iya nuna ƙ da ɗ da ƴ daidai.

Kada mu zuzuta abin fiye da kima. Masu neman ma'aikata a yau sun fi tambayar Python da JavaScript a kan Pascal. Bayanan koyon Lazarus mafi yawansu da Turanci suke. Idan ka gamu da matsala babu ofishin da za ka kai ƙara, sai dai ka tambayi masu sa kai ka jira amsa. Kuma yawancinmu a waya muke rubutu, ba a kwamfuta ba. Ba muna cewa kowane marubuci ya koma mai haɗa manhaja ba ne.

Abin da muke cewa shi ne mu riƙe irinmu. Duk labarin da muka rubuta, ya kasance muna da kwafinsa a hannu, a filash ko kwamfuta, cikin haruffan Unicode da nau'in fayil ɗin da kowace manhaja ke buɗewa, ba a dandali ɗaya kaɗai ba. Masu tsofaffin fayiloli na wancan zubin haruffa su mayar da su sabon tsari tun kwamfutar da ke karanta su tana da rai. Waɗanda ke da ilimin kwamfuta a cikinmu kuma ga aiki yana jira: manhajar duba ƙa'idojin rubutun Hausa, wadda za ta raba "ya na" ta haɗe "yana", ko ƙamus da zai yi aiki ba intanet.

Akwai ma aikin da marubuci ya fi kowa dacewa da shi. Kalmomin da ke fuskar Lazarus a ware suke cikin fayilolin fassara, kuma masu sa kai sun mayar da su Jamusanci da Rashanci da Faransanci da wasu harsuna. Ba a buƙatar izinin kowa kafin a fara na Hausa. Wa zai zauna ya yanke shawarar kalmar da ta dace da kowane umarni, idan ba mu da muke kwana muna tashi da harshen ba? Ƙungiya ɗaya mai mambobi goma, kowa ya ɗauki layi ashirin a mako, za ta ci ƙarfin aikin kafin a daɗe.

Mu tuna mutanen nan sun yi shekara 13 kafin su kira aikinsu kammalalle, kuma waɗanda suka fara ba su ne suka kai shi ba. Ƙungiyoyinmu na marubuta nawa ne suka watse da zarar shugaba ya samu aiki a Abuja, suka tafi da rajista da rubuce-rubucen gasa da duk abin da aka tara? Abin da aka ajiye inda kowane mamba zai iya ɗauka ya ci gaba, shi ke wanzuwa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman a kan kalmomin da muka gwada yau, maƙerar manhaja da tafinta da buɗaɗɗen tushe. Wanda ke da waɗanda suka fi su ya kawo mu tattauna. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.